Garkuwar Baba Agidi

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Oke-Ariyo ya san Buraimo mai gyaran laima, in bai san fuskarsa ba to ya san muryarsa. Mutum ne ɗan firit, sai ƙatuwar murya kamar ya haɗiyi ganga. In yana ba da labarin ranar da ya kori ɓarayi bakwai da sandar laima, sai ka rantse a gabanka aka yi. Amma duk unguwa ta san ranar da ɓera ya faɗo daga rufin ɗaki, a kan tebur aka iske Buraimo tsaye, matarsa Iya Wosila ce ta gama da ɓeran da takalmi. Ita mace ce mai jiki, marar yawan magana, ƙosai take soyawa a ƙofar gida. In ta ce, "Baba Wosila, zo," kafin ta rufe baki ya iso.

Ana nan sai tsufa ya kama Babaloja, sarkin kasuwa, 'ya'yansa suka zo suka kwashe shi zuwa Ibadan. Baale, mai garin, ya sa aka yi shela cewa ranar kasuwa ta uku za a naɗa sabo a gindin rimi. Duk mai so ya fito, amma ya zo da kirarin gidansu makaɗi ya kaɗa kowa ya ji, don ba a damƙa kasuwa a hannun wanda ba a san tushensa ba.

Mutum biyu suka fito. Na farko Salawu mahauci, wanda kakansa shahararren maharbi ne, kirarinsa har mata na rera shi wajen daka. Na biyu kuwa, wa kuke tsammani?

"Kai?" in ji Iya Wosila, ko ɗago kai daga kaskon suya ba ta yi ba. "Da wane kirarin?"

Nan fa ta taɓo inda ke masa ciwo. Buraimo bai tarar da kakansa ba, ubansa kuma ya rasu tun yana rarrafe. Abin da kawai ake kiran gidansu shi ne gidan mai laima. Ga shi kuwa kujerar nan ta shiga ransa, har ya riga ya kai wa tela ɗinkin babbar riga da hular nan mai kunnen kare. Sai ya tattare wando ya faɗa tsohon ɗakin bayan gida da aka shekara ba a buɗe ba, wai ya tafi neman asali.

Ya ɗaga tukwanen da suka fashe, ya sha ƙura, gizo-gizo ya yi masa rawani. Can ƙasan tarkace ya jawo wani faffaɗan katako mai da'ira, baƙi ƙirin don tsufa. Jikinsa duk sara-sara ne, ga wasu jajayen tabo nan da can. A bakinsa kuma an ƙona haruffa biyar da ƙarfe mai zafi: AGIDI.

To, agidi dai ba baƙuwar kalma ba ce a bakin Bayarabe. Ita ce taurin kai, ita uwa ke jifan ɗanta da ita sau goma kafin azahar. Buraimo ya karanta, ya sake karantawa, sai ya ji ƙirjinsa ya cika fal. Ya fito a guje, katako a rungume.

"Iya Wosila! Ajiye cokalin nan ki zo ki ga irin mijin da kike aure!"

"Na gan shi tun da safe."

"Ba ki gan shi ba! Garkuwa ce wannan, garkuwar kakana! Dubi saran takubba. Dubi jinin maƙiya. Dubi sunansa, Agidi! Ashe daga gidan nan kalmar ta fito, muna zaune muna ta gyaran laima!"

Ta juya ƙosanta tukuna, sannan ta dubi katakon sama da ƙasa. "Garkuwar da ba ta da mariƙi?"

"Mazan jiya ba su san mariƙi ba. Da ƙarfin zuciya suke riƙewa."

"Ka haye rafi ka je wajen Iya Agba. Yayar ubanka ce, ita ta san ubanta. Ka tambaye ta kafin ka kai bakinka kasuwa."

"Ba zan je ba."

 Shekara ashirin da biyar da aurensu bai taɓa ce mata a'a ba. Ita ta yi mamaki, shi ma ya yi mamaki, har ya ɗan ja baya don kada cokali ya iso. Da ya ga bai iso ba, sai ya buga ƙirji.

"Kin gani ko? Jini ya fara motsi."

Kafin la'asar labari ya gama haɗuwa a kansa tsaf, har da ƙarin gishiri. Washegari ya tsaya a gaban rumfarsa ya tara jama'a. Wai a zamanin da, duk ƙasar Yarabawa ba wanda ya san gardama. Sai wani sarkin yaƙi ya shigo garin nan ya ce kowa ya kwanta ya gaishe shi, kowa ya zube, sai mutum ɗaya, Agidi. Aka yi ta saransa yana karewa da garkuwa, kwana bakwai yana tsaye ko gezau, har sarkin yaƙi ya gaji ya kwashe dakarunsa. Tun daga ranar, in mutum ya kafe sai a ce ya yi agidi.

Salawu mahauci yana daga rumfarsa yana wasa wuƙa. Ya ɗaga murya. "Yayana, ina da tambaya. Kafin a haifi kakan naka, me ake kiran masu taurin kai?"

"Babu su. Shi ya fara."

"Har jakuna?"

"Jakunan wancan zamani masu ladabi ne. A wajensa suka koya."

"To kakar kakata da ake cewa ta ƙi komawa gidan mijinta shekara tara, ita me ta yi?"

"Mantuwa ce ta yi. Ka riƙa bambanta abubuwa, Salawu, kasuwa za ka nema, ba hanjin sa ba."

Mata suka kwashe da dariya, Buraimo ya ɗauka shi ake yi wa tafi. Daga nan ya wuce wajen mai fenti, ya sa aka rubuta masa ƙaton allo, ILE AGIDI, wato gidan Agidi, aka kafa a saman ƙofarsa da ke bakin titin mota.

Ko awa biyu allon bai yi ba wata motar fasinja ta tsaya. Wata mata 'yar kasuwa daga gabas ta sauko da kwano, ta ƙwanƙwasa. Buraimo ya fito yana gyara hula, a zatonsa masu neman tarihi sun fara zuwa.

"Baba, a ba ni agidi huɗu. In akwai ƙosai a haɗa min."

Abin da Buraimo bai so tunawa ba ke nan: agidi biyu ne. Akwai na taurin kai, akwai kuma na ci, kokon masarar nan da ake daskararwa a ƙunshe a ganye. 'Yan garin yanzu eko suke ce masa, amma tsofaffi da matafiya har gobe agidi suke kira. A baki ba su haɗu ba, na taurin kai ana ɗaga murya, na ci ana sauke ta. A takarda kuwa tagwaye ne, kamar gari na zama da garin tuwo.

"Ke, nan gidan jarumai ne!" Buraimo ya daka mata tsawa. "Ba ki iya karatu ba?"

"Karatun ne ya sauko da ni daga mota, Baba."

Kafin rana ta faɗi mutum goma sha ɗaya suka ƙwanƙwasa, kowa da kwanonsa. Wani direba har cewa ya yi in ba su da shi su sauke allon, su daina yaudarar masu yunwa. Buraimo ya yi ta kumfar baki yana zagin jahilcin zamani.  Iya Wosila kuwa ta shiga ciki ta jiƙa masara cike da baho.

Ranar kasuwa ta biyu Salawu ya tare shi a gaban mutane. "Yayana, labari dai mun ji. Amma abin da ke cikin jini ai a jiki ake ganinsa. Kai da ko kaza ta harare ka sai ka ba ta hanya?"

"Ni?" Buraimo ya zaro ido. "A kawo kujera! A tsakiyar hanyar kasuwar nan zan zauna, daga yanzu har faɗuwar rana. Wanda ya isa ya tashe ni, na bar masa sarautar, na bar masa garin!"

Aka kawo wata tsohuwar kujerar katako. Ya baza babbar riga ya zauna a daidai mararraba, ya ɗora garkuwa a cinya, ya sha mur.

Matan Oke-Ariyo kuwa ba a bar musu abu ya tafi a banza. Mai tsintsiya ta zo ta jingina masa dami a kafaɗa. "Tunda ba motsi za ka yi ba, Baba Wosila, riƙe min." Mai busasshen kifi ta rataya masa igiya biyu a hannun kujera. Mai ganyen ewedu ta dubi garkuwar ta ce kai, wannan ai kamar don kayanta aka sassaƙa ta, ta jibge masa ganye a kai. Har ciniki aka riƙa yi a jikinsa, wata ma ta tambaya ko shi ma na sayarwa ne, aka ce mata ba ya da garanti.

Sai hadari ya haɗo. Ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, kowa ya ruga rumfa. Buraimo ya dubi rumfarsa cike da laimomi, ya haɗiyi yawu, ya kafe. Wata tsohuwa ta ji tausayinsa ta zo ta riƙe masa laima a ka. Ashe laimar da ya gyara mata ce makon jiya. Ta ko'ina ba ta yoyo sai ta tsakiya, ruwan ya riƙa tsiyaya a ƙoƙon kansa kamar an kunna famfo.

"Mama, matsar da ita!"

"Aikinka ne, ɗana. Ka ce ko a teku ba za ta yi yoyo ba."

Ruwa na ɗaukewa sai aka ji ihu daga mahauta. Wani ƙaton rago da Salawu ya ɗaure ya tsinke igiya, ya miƙo hanya kai a sunkuye, ƙaho kamar turmi biyu. Masu talla suka watsar da kaya, maza suka ɗare tebura. Buraimo ya ga mutuwa muraran, ya yunƙura zai tashi, ina! Ƙusar kujera ta riƙe babbar riga ta baya. Ya runtse ido yana karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta cin abinci. Ragon ya iso, ya ja birki, ya shinshina, ya sa baki a ganyen ewedu ya kama ci.

 Can wani tsoho ya ce, "Kai! Ko motsi bai yi ba." Wata ta ce, "Lallai akwai wani abu a gidan nan." Shi kansa Salawu sai da fuskarsa ta canja. Buraimo ya buɗe ido ɗaya, ya ga yana raye, ya buɗe na biyu, ya ga ana kallonsa da girmamawa. Ai sai ya miƙa hannu ya shafa kan ragon.

"Ci, yaro. Kakanka ma ya san kakana."

Wallahi da rana ta faɗi a lokacin, da Buraimo ya ci kasuwar Oke-Ariyo. Amma ko azahar ba a kira ba. Daga can bakin kasuwa sai wata murya ta taso, ba da ƙarfi ba ma.

"Baba Wosila, amala na hucewa."

Zumbur ya miƙe. Tsintsiya ta watse, kifi ya zube, kujera ta bi shi a maƙale a riga tana dukan ƙafafunsa, rago na biye yana neman sauran ganye. Sai da ya yi taku ashirin sannan ya tuna rantsuwarsa. Ya waiwayo, ya ga kasuwa gaba ɗaya ta kwanta da dariya, Salawu har da riƙe ciki.

"Me ye abin dariya? Kakana ma yana cin abinci!"

"Kwana bakwai fa ka ce ya yi a tsaye!" in ji Salawu.

"Kai masa ake yi!"

Duk da haka labarin rago ya zaga gari, mutane suka rabu biyu. Buraimo ya ga saura abu ɗaya ya rage, kiɗa. Ya tafi gidan Ayandokun, makaɗin garin. Su gidansu kalangu gado ne, kuma kalangun nasu magana yake yi, hawa da saukar murya yake bi tiryan-tiryan, duk ɗan gari yana jin abin da yake faɗa. Kirarin kowane gida a hannunsu yake, uba ya ba ɗa.

"Na zo a shirya min kirarin kakana," in ji Buraimo.

"Ai ba sai an shirya ba, Baba Wosila, yana nan. Ubana ya koya min. An dai fi shekara sittin ba wanda ya nema." Ayandokun ya dube shi ta wutsiyar ido. "Baba Agidi ko?"

Ya faɗi sunan da murya a ƙasa. Buraimo ya ji, amma ya ɗauka mura ce ke damun mutumin.

"Shi fa! Ashe ka san shi!"

"Bari in ɗan kaɗa maka ka ji tukuna, mu biyu."

"Ni za ka jiyar da kirarin gidanmu? A jinina yake. Ajiye ƙarfinka sai ranar."

"Baba Wosila, kalangu bai yi makaranta ba. Abin da ya ji shi yake faɗa, ba abin da aka rubuta ba."

"Shi nake so. Kada ka rage ko ɗigo. Ka kaɗa da ƙarfi har a ji a hayin rafi."

"To," in ji Ayandokun. "Har hayin rafi."

A gida Iya Wosila ta sake cewa ya je wajen Iya Agba, ya sake cewa ba zai je ba. Duk rayuwar Buraimo, a nan kaɗai ya taɓa kafewa da gaske, kuma a nan ne bai kamata ba.

Ranar naɗi gindin rimi ya cika maƙil. Baale na zaune da farar riga da murjani a wuya, dattawa a gefe, matan kasuwa sun ci ɗaurin ɗankwali kamar za su tashi sama. Salawu ya fito, ya cire hula, ya zube rub da ciki a gaban Baale yadda kowane ɗa namiji ke yi. Ayandokun ya kaɗa masa na maharbi, mata suka amsa, ya tashi ya koma gefe.

Sai ga Buraimo. Sabuwar riga tana jan ƙasa, kunnuwan hula a tsaye, garkuwa a ɗaure a hannu da igiyar laima. Ya tako har gaban Baale, ya tsaya ƙiƙam. Aka jira ya kwanta. Bai kwanta ba.

Wata mata ta dafe ƙirji. Wani dattijo ya cire tabarau ya goge.

"Buraimo," in ji Baale a hankali, "bayanka ke ciwo?"

"A'a, Baba, ranka ya daɗe. Gado ne. Gidanmu ba ma kwanciya."

"Ikon Allah. Makon jiya fa da ka zo gaishe ni sai da na ce a ɗaga ka."

"Lokacin ban san kaina ba, Baba."

Ya juya ya fuskanci jama'a ya zuba labarin sarkin yaƙi, kwana bakwai suka zama goma sha huɗu. Baale ya saurara har ƙarshe yana kaɗa ƙafa.

"To, mun ji bakinka. Saura kalangu. In ya faɗi abin da ka faɗa, kujera taka ce, kuma na yafe wa gidanku kwanciya har abada. Ayandokun, bisimilla."

Ayandokun ya gyara rataya, ya matse igiyoyi, ya sauke gula. Sauti uku suka fita, na farko can ƙasa kamar an jefa dutse a rijiya. A-gi-di.

Tun a nan wasu tsofaffi suka dubi juna. Ya sake kaɗawa, ya ɗora, kalangu ya kama zance, matan kasuwa suka fara fassara shi da baki suna tafi:

"Baba Agidi, mai zafi-zafi!
Kwance ganye, ga laushi ya bayyana!
Tsoho marar haƙori na gaishe ka,
Jariri na gaishe ka,
Abokin ƙosai, mijin alala!"

Buraimo ya ɗaga garkuwa yana ihu. "Tsaya! Ka sauke murya! Ɗaga ta! Ɗaga ta sama!"

"Ka ce kada in rage ko ɗigo," in ji Ayandokun, bai fasa ba.

Ana cikin haka jama'a suka dare. Wata tsohuwa tukuf ta kutso, sanda a hannu, Iya Wosila na riƙe da kafaɗarta. Iya Agba ce. Ta yar da sandar, ta kama rawa a hankali, hawaye na bin kumatunta.

"Babana! Wayyo babana! Wa ya tuna da babana yau?" Sai idonta ya faɗa kan hannun Buraimo. Ta tsaya cak. "Kai, Buraimo, uban wa ya ce ka ɗaure tiren tallan babana da igiya?"

"Iya, garkuwa ce..."

"Garkuwar gidanku! A kan tiren nan aka ciyar da ubanka. Shekara arba'in babana na ɗauke da shi a ka, daga tasha zuwa kasuwa. Wani malamin makaranta da ke cin nasa kullum shi ya ƙona masa sunan."

"To saran takubban fa?" Salawu ya tambaya, fuska kamar ta mutumin Allah.

"Wuƙar yanka agidi ce."

"Jinin maƙiya fa, Iya?"

"Manja ne, ɗan nan, na miyar da ake zubawa."

"Amma dai ya ƙi kwanta wa sarkin yaƙi?"

"Wa? Babana?" Iya Agba ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Mutumin da ko akuyar Baale ya gamu da ita sai ya sauke tire ya gaishe ta? Ai gwiwar wandonsa ba ta taɓa yin wata uku ba ta huje ba. Ba a taɓa yin mai laushin hali irinsa ba a garin nan. Kai ka biyo shi sak, Buraimo, muryar ce kawai ban san inda ka samo ba."

Kasuwar Oke-Ariyo ba ta taɓa jin dariya irin ta ranar ba, har tsuntsayen kan rimi sai da suka tashi. Kunya ta lulluɓe Buraimo, ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Kunnuwan hularsa ma kamar sun san abin da ake ciki, suka langaɓe.

Baale ya share hawaye da bakin riga. "To, jikan Baba Agidi, yaya maganar bayan naka?"

Kafin ya rufe baki Buraimo ya zube rub da ciki, goshi a ƙasa, tire ya gangara ya tsaya a ƙafar Iya Wosila. Ta sunkuya ta ɗauka, ta kaɗe ƙurar, ta juya shi ta duba, ta ce, "Da sauransa."

Nan take aka ɗora wa Salawu ganyen sarauta a ƙarƙashin hula, kalangu ya koma nasa. Kujerar da Buraimo ya ƙwallafa wa rai ta tafi yana kallo daga ƙasa. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Sai aka ga ya ɗago kai, ƙura a hanci.

"Baba, ranka ya daɗe, duk da haka fa daga gidanmu kalmar ta fito."

"Buraimo!"

"A duba mana! Mutum ya shekara arba'in yana tallan abu ɗaya, rana da ruwa, bai canja ba. In wannan ba taurin kai ba ne, mene ne? Duka biyun namu ne, Baba, na sama da na ƙasa!"

Baale ya girgiza kai. "Inda kalmar nan ta fito ban sani ba, Buraimo. Ta girmi kakanka, ta girmi rimin nan, ta girmi kasuwar. Amma inda ta tare yanzu, kowa ya gani. Ku ɗaga shi."

Allon ILE AGIDI dai ba a sauke shi ba, don Iya Wosila ta ce wanda ya taɓa shi zai gamu da ita. Motoci na tsayawa, ƙunshin ganye na ƙarewa kafin hantsi, Iya Agba ta dawo gidan tana koya mata yadda babanta ke damawa. Ranar kasuwa kuwa Buraimo ke ɗaukar tiren a ka, da hularsa mai kunnen kare a aljihu. In mai saye ya ƙwala masa kira, "Baba Agidi!" da murya a ƙasa, sai ya yi kamar bai ji ba, ya ɗaure fuska, ya ce shi ba ya amsawa sai an ɗaga murya, ko za a kwana a nan.

Sai Iya Wosila ta ce daga bayansa, "Baba Wosila, miƙa musu."

Ya miƙa.